Tsofaffin manyan a-kori-kurar Amurka masu shan fetur: tsakanin Ford, Chevrolet da Ram wacce ta fi ƙarko?

Da farko dai mu san motocin da ake magana a kai, don ba kowace a-kori-kura ba ce ke shiga wannan layin. A Amurka raba su suke yi da nauyi. Akwai ƙananan irin su F-150 da Silverado 1500 da Toyota Tundra, sannan akwai manyan da ake sa wa lamba 250 da 350, ko 2500 da 3500, waɗanda nauyinsu da kayansu gaba ɗaya ya haura fam 8,500, wato wajen kilo 3,850. Su ne ake jan tirelar shanu da dawaki da su, a ja ƙaramar katafila zuwa wajen gini, a maƙala musu garmar ture ƙanƙara a gaba lokacin hunturu. Kamfanoni uku ne kacal suka riƙe kasuwar: Ford da Super Duty ɗinsa, General Motors da Chevrolet Silverado HD da GMC Sierra HD waɗanda mota ɗaya ce bambancin fuska ne kawai, sai kuma Ram wanda da ake kira Dodge Ram kafin a raba sunan wajen 2010. Toyota bai taɓa fitar da irin wannan ba a can.

To me ya sa mutum zai nemi mai fetur alhali kowa ya san dizal shi ne sarkin ja? Amsar tana cikin abin da ya faru da injinan dizal daga 2007. Dokar hayaƙi ta tilasta aka sa musu matatar toka a salansa, daga 2011 Ford da GM suka ƙara tankin ruwan DEF da ake fesawa cikin salansa don tsaftace hayaƙi, Ram ya biyo baya a 2013, ga turbo ga na'urar mayar da hayaƙi cikin inji, kowanne da sensa ɗinsa kuma kowanne yana iya lalacewa ya sa kwamfutar mota ta rage maka gudu. Sannan ga famfon mai na Bosch da ake kira CP4, wanda Ford ya sa tun 2011, GM ya yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2016, Ram kuma a 2019 da 2020 kafin ya janye motocin a canza shi. Ranar da wannan famfon ya ci kansa garin ƙarfe yake watsawa cikin injekta da layin mai har tanki, gyaran kan kai dala 8,000 zuwa 10,000. Mai sayen tsohuwar mota da kuɗin guminsa ba ya son irin wannan labarin, shi ya sa kamfanonin gini da na lantarki da ƙananan hukumomi da yawa a can suka koma fetur, tunda dama sabuwar mai dizal ta fi tsada da kusan dala 10,000.

Bari in fara da wanda na fi yarda da shi, injin GM mai lita 6.0 da ake kira Vortec. Tun 1999 yake cikin waɗannan motocin har zuwa 2019, shekara ashirin ke nan ana ɗan gyara shi nan da can amma asalinsa bai canza ba: bulo na baƙin ƙarfe, kamshaf guda ɗaya a tsakiya, bawul bibbiyu a kowace silinda, sarkar taimin gajera. Na ƙarshensa da ake kira L96 yana ba da ƙarfin doki 360, wanda in aka kwatanta da injinan Ford da Ram na 2011 zuwa sama shi ne mafi rauni, kuma duk wanda ya taɓa jan kaya da shi a kan tudu zai gaya maka sai ya yi ta ihu a juyi dubu huɗu da wani abu kafin ya hau, ga shan mai. Amma ba ya mutuwa da wuri. Babban sirrinsa shi ne wani abu da ba a sa masa ba. Ƙananan motocin GM masu lita 5.3 an sa musu tsarin kashe silinda huɗu in ana tafiya a miƙe don a rage shan mai, kuma liftocin wannan tsarin, wato ƙananan ƙarafan da kamshaf ke turawa don a buɗe bawul, su ne suka jefa masu Silverado 1500 da Tahoe da yawa cikin wahala. Injin 6.0 na manyan motocin ba shi da wannan tsarin kwata-kwata, silinda takwas ɗinsa kullum aiki suke. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga mai mil 250,000 ko 300,000 ba a taɓa buɗe cikinsa ba.

Lalurorinsa ƙanana ne kuma sanannu. Notinan manifol na salansa suna karyewa, musamman na can baya, sensar matsin baƙin mai tana lalacewa kuma a wani lungu take bayan inji, famfon ruwa kan fara ɗiga. Giyarsa ta da, 4L80E mai hawa huɗu, tana da suna wajen juriya. Daga 2007 aka koma 6L90 mai hawa shida, ita ma tana da kyau amma a nan ake so ka buɗe ido, don tok kwambata ɗinta, wato na'urar da ke haɗa inji da giya, in ta fara ci takan zubar da datti cikin man giya ya bi ya lalata famfo da sauran kayan ciki, galibi a motar da aka yi ta jan kaya ba a canza man giya ba. Sai ƙafar gaba. A masu jan ƙafa huɗu GM ne kaɗai cikin ukun da ke sa ƙafar gaba mai zaman kanta, kowace taya da hannunta, shi ya sa ta fi daɗin tuƙi a kwalta kuma sitiyarinta ya fi natsuwa, sai dai tairod da hannuwan sitiyari suna saurin sakin jiki in an sa manyan tayoyi ko ana bin hanya mai ramuka. Ƙirar 1999 zuwa 2007 kuma an san su da tsatsar bututun birki, wannan ba abin wasa ba ne ko kaɗan, mota mai nauyin tan uku ta rasa birki da tirela a bayanta.

A 2020 GM ya kawo sabon inji mai lita 6.6, L8T, doki 401. Shi ma ba a sa masa tsarin kashe silinda ba, wannan ya yi kyau. Bambancinsa shi ne yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, wato akwai ƙarin famfo da injektoci masu tsada, kuma wasu masu shi suna kuka da shan baƙin mai. Daga 2020 zuwa 2023 tsohuwar giyar nan mai hawa shida aka haɗa shi da ita, sai a 2024 ya samu mai hawa goma mai sunan Allison. Alamunsa masu kyau ne, amma shekarunsa ba su kai a ba shi shaidar da aka ba 6.0 ba.

Yanzu Ford. Nan sai an bi shekara da shekara, don sunan Super Duty ɗaya ne amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya sha bamban. Daga 1999 zuwa 2010 injinan Triton ne, V8 mai lita 5.4 da V10 mai lita 6.8. Na farkon, masu bawul biyu, zaren ramin fulogi ya yi musu kaɗan a tof silinda na alminiyom, sai kana cikin tafiya fulogi ya yi tsalle ya fita da ƙara har ya fasa kwayil. Da aka koma masu bawul uku a 2005 sai matsalar ta juye, fulogin ya zama mai gaɓa biyu, wajen cirewa sai ya karye rabi ya maƙale a ciki, har kayan aiki na musamman aka ƙera don zaro guntun. Shi 5.4 mai bawul uku ya ƙara da matsalar na'urar juya kamshaf da sarkar taimin, ga shi dama ya yi wa motar ƙanƙanta. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sa ba. V10 ɗin kuwa inji ne mai ƙarko sosai, motocin asibiti da bas-bas da motocin da ake kwana a ciki sun daɗe suna amfani da shi, illa dai shan mansa sai mai ƙarfin hali.

A 2011 Ford ya sa V8 mai lita 6.2, doki 385, ya ci gaba da shi har 2022, kuma wannan shi ne ya wanke masa suna a ɓangaren fetur. Bulo na baƙin ƙarfe, fesa mai ta tsohuwar hanya, ba turbo, ba kashe silinda. Fulogi 16 gare shi, bibbiyu a kowace silinda, don haka ranar sabis sai ka shirya. Abin da aka fi kama shi da shi shi ne karyewar sifirin na bawul a masu mil da yawa, mota ta fara rawa tana tsallake wuta, in aka tsaya nan da nan gyara ne mai sauƙi, in kuma aka ci gaba da takawa bawul ya faɗa kan fistin to inji ya tafi. Wani abu da nake so mai saye ya riƙe: daga 2011 zuwa 2016 giyar da ke bayan wannan injin ita ce 6R140, wato giyar da aka ƙera don ɗaukar ƙarfin injin dizal mai lita 6.7. Ka ga ke nan injin fetur bai isa ya gajiyar da ita ba. Daga 2017 F-250 mai 6.2 ta koma wata giyar mafi sauƙi, F-350 ce ta ci gaba da babbar. A wannan shekarar ce kuma bodin ya koma alminiyom, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma in ya lotse ba kowane mai gyaran bodi ne zai iya da shi ba, kuma shasin da ke ƙasa har yanzu ƙarfe ne.

Sai wanda ake ta yayi yanzu, mai lita 7.3 da ake wa laƙabi da Godzilla, ya fito a 2020 da doki 430 da giya mai hawa goma. Abin sha'awa a nan Ford baya ya koma da gangan, ya bar kamshaf na sama ya dawo da guda ɗaya a tsakiya irin na GM, don inji ya yi sauƙin gyara kuma ya ba da ƙarfi tun daga ƙasa. Wajen jan kaya babu injin fetur a cikin waɗannan da ya kamo shi. Sai dai an samu rahotannin lifta da kamshaf suna cinyewa a wasu, an fi ji daga motocin aiki masu daɗewa a kunne, kuma giyar mai hawa goma wasu na kukan tana fizga. Ga kuma tsada, tunda har yanzu sabo-sabo ne a kasuwar tsofaffi.

Akwai wata lalura da Ford da Ram masu jan ƙafa huɗu suka yi tarayya a kai saboda dukkansu gatari guda ne ya haɗa tayoyin gaba. Kana gudu ka taka wani ɗan rami ko gaɓar gada, sai gaban motar ya kama kakkarwa, sitiyari yana fizgar hannunka hagu da dama, ba ya dainawa sai ka rage gudu sosai. Sanadinsa sassaucin bushin da boljoyin da sandar da ke riƙe gatarin a tsakiya, wani lokaci da tayar da ba ta daidaita ba. Masu sayarwa kan sa sabon shokazoba na sitiyari don ya ɓoye abin, alhali ciwon yana nan. Amma in an gyara shi yadda ya kamata, wannan gatarin ya fi na GM jure mummunar hanya da nauyi.

Ram kuwa, gaskiya ita ce ta fi daɗin zama, musamman daga 2014 da aka sa wa 2500 sifirin mai naɗi a baya maimakon na faranti, sannan ƙirar 2019 cikinta ya fi na kowa kyau. Injinta Hemi ne, mai lita 5.7 tun 2003, sai mai lita 6.4 daga 2014 da doki 410. Yana da ƙarfi yana da murya. Matsalar ita ce ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas da duk mai Hemi ya sani, kuma iri biyu ce, dole ka iya rarrabe su don tsakaninsu akwai dubban daloli. Ka je wajen motar da sassafe inji ya kwana a sanyi, ka sa a tayar kana tsaye kusa da tayar gaba. In ƙarar ta fito da ƙarfi sannan bayan minti biyu zuwa uku ta ɓace da inji ya ɗumama, notin manifol ne ya karye, ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar, in ka haska tocila sau da yawa za ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a gefen tof silinda inda kan notin ya ɓalle. Wannan da sauƙi. In kuwa inji ya yi zafi ƙarar tana nan daram, tana bin juyin inji, to lifta ce, ƙananan alluran da ke cikin tayarta sun daina juyawa tana goge kamshaf, kuma garin ƙarfen yana yawo cikin baƙin mai. Gyaran sai an ɗaga tof silinda. Injin 6.4 yana da tsarin kashe silinda huɗu, na 5.7 a manyan motocin ba shi da shi, amma ciwon lifta bai bar ko ɗaya ba, kuma makanikai da yawa suna danganta shi da daɗewa a silo, wato inji a kunne mota na tsaye. Giyar Ram ta kafin 2019, 66RFE mai hawa shida, ita ce mafi rauni a cikin duk giyoyin da na ambata, tazarar hawanta ma ba ta dace da jan kaya ba. Daga 2019 aka sa ZF mai hawa takwas, wannan ta canza motar gaba ɗaya, don haka wanda zuciyarsa ta kwanta da Ram ya nemi 2019 zuwa sama. Masu 2014 zuwa 2018 kuma a duba lambar mota a tabbatar an yi gyaran sandar sitiyari da kamfanin ya yi kiranye a kai a 2019.

In aka ce in jera su ta fuskar ƙarko zalla, ni a wajena GM 6.0 na 2011 zuwa 2019 da Ford 6.2 su ne a gaba, kusan kunnen doki, Ford ya ɗan fi ƙarfi da giya, GM ya fi arhar kayan gyara da sauƙin aiki. Bayansu 7.3 da 6.6, ba don sun gaza ba sai don lokaci bai gama tantance su ba. Ram 6.4 na biye, sai 5.4 mai bawul uku a can ƙarshe.

Amma fa wannan jerin ba ya aiki in ba ka san rayuwar da motar ta yi ba, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa. Waɗannan motocin aiki ne. Wata a filin haƙar mai na Texas ko Dakota ta Arewa ta yi rayuwarta, tun safe har dare a kunne don ma'aikata su sha iya kwandishan ko hita, mil ɗinta kaɗan amma injin ya tsufa. Kamar jakin da aka bari tsaye da kaya a bayansa yini guda ne, bai je ko'ina ba amma ya gaji. Yawancinsu suna nuna awannin inji a allon gaban direba, wasu har da awannin silo daban. Masu kula da motocin kamfanoni kan lissafa awa ɗaya ta silo a matsayin mil 30 ko kusa da haka, to mota mai mil 90,000 da awa 4,000 na silo a gaskiya ta haura mil 200,000. Wata hanyar kuma ka raba mil da jimillar awanni, in ya faɗo ƙasa da 20 ka san ta sha tsayuwa.

Na biyu tsatsa. Jihohin arewa irin su Michigan da Ohio da Pennsylvania da New York gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan cin shasi yake daga ciki. Sai ka ga fenti na ƙyalli, ka shiga ƙasa da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa kusa da inda sifirin baya ya kama, maimakon ƙara mai tsabta sai ka ji ɓus, ɓawon tsatsa yana zubo maka a fuska. In ka ga an fesa baƙin fenti sabo a ƙasan tsohuwar mota, tambayi dalili. Ramuka ko maƙalai a gaban shasi alamar ta yi aikin ture ƙanƙara ne, wato giya da ƙafar gaba sun sha wuya kuma ta yi wanka da gishiri. Ƙugiya a tsakiyar bodin baya kuma tana nuna ta ja manyan tireloli. Motar Arizona ko Texas mai mil 180,000 sau da yawa ta fi ta Ohio mai 100,000 lafiya, sai dai ita kudu ambaliya ce tata matsalar, guguwar Harvey ta 2017 a Houston da Ian ta 2022 a Florida sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa kuma da yawansu ta gwanjo suka fita.

Wannan ya shafi duk ɗan kasuwarmu da ke saye a gwanjon Copart ko IAAI ya sauke a Legas ko Kwatano, don hoto kawai yake gani. A sa lambar mota mai harafi 17 a binciki tarihinta, a ga jihar da ta zauna da irin takardar da aka ba ta, in da hali a biya wani ya je ya ɗauko hoton ƙasanta da allon awanni. Sannan a yi lissafin mai da idon basira, tunda hukumar muhalli ta Amurka ba ta ma tilasta a rubuta shan man motocin wannan ajin a takardar sayarwa. Abin da masu su ke samu ba kaya shi ne mil 11 zuwa 14 a galan, kusan kilomita 5 zuwa 6 a lita, da tirela kuma yakan sauko kilomita 3 zuwa 4, ka auna wannan da farashin fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Wani abin da zai iya taimakawa, Ford ya sayar da wasu 6.2 da shirin karɓar iskar gas tun daga masana'anta, da bawul da mazauninsu masu tauri, GM ma ya fitar da 6.0 mai amfani da fetur da CNG daga 2013, don haka mai niyyar juyawa zuwa gas ya nemi waɗannan. Wajen kayan gyara kuma 6.0 ya fi sauƙin samu, don danginsa ɗaya da injinan Tahoe da Suburban da Escalade da suka riga suka shigo, sensa da kwayil da famfon ruwa da yawa suna shiga juna. Kafin a biya kuɗin jirgi, a leƙa Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka a tambayi boljoyin da faifan birki da matatar man giya na ainihin ƙirar da shekarar, don na F-150 da Silverado 1500 ba sa hawa kan waɗannan, tayoyinsu ma noti takwas ne.